Ƙoƙon da Ya Zagi Surukina

A Gaya idan ka ce tarambon, ba wanda zai kawo busa a ransa. Garinmu garin takardun kaya ne, kuma a kowane biro, wato ofis, da ke bakin iyaka, tarambon shi ne ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi. Faransawa ne suka raɗa wa abu biyu suna ɗaya, suka tafi suka bar mu da rigima. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da duka biyun. Da safe ina biro ina maƙale takardun manyan motocin da ke fitowa daga Kwatano, da yamma ina gida ina busa ɗayan, wato dogon ƙahon tagullar nan na ƴan fanfar, masu busa da ganguna a biki, wanda ake ja ana turawa.

A Malanbil na koye shi, ƙetaren gada, hannun wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana busa a bukukuwan kudu. Da haƙoransa na gaba suka gama zubewa, sai ya miƙo mini ƙahon ya ce in riƙe. Amma kafin ya bar ni in busa abin kirki, sai da na gaji da goge ƙarfe. A wurinsa ran tarambon yana cikin kulis, wato bututun nan biyu masu shiga da fita. Idan kulis ya cije, to ko leɓenka na zinariya ne ka tashi aiki. Shi ya koya mini in zare shi a hankali, in goge shi da tsumma mai laushi, in lakato man shafa na fuska ɗan mitsitsi in shafa a bakin bututun kaɗai, sannan in fesa ruwa. Ruwan shi ne ke yin santsin, man riƙe ruwan kawai yake yi.

Wannan bai hana mutanen Gaya ba ni shawara ba, don a garinmu kowa likitan ƙarfe ne. Bakanike ya ce in sa baƙin mai. Mai tuyar kifi a bakin tasha ta rantse da man gyaɗa. Innata ta ce ba abin da man kaɗe ba ya yi wa magani, har da wannan haukar tawa. Na yi wa kowa godiya, na ci gaba da man fuskata.

Da na yi aure sai na sami abokiyar aiki. Matata tela ce, kuma idonta ba ya barin abu a wulaƙance. Ranar da ta ga ina naɗe ƙahon a tsohon zane, ta kalle ni kamar na ajiye jariri a ƙasa. Ta sa na samo mata guntun tamfol wajen direbobi, ta ɗinka masa jaka mai soso a ciki, da aljihu daban na bakin busa don kada ya riƙa karo da kulis. Kwalbar feshin ruwan da nake alfahari da ita har yau, wajen mai gyaran gashinta ta karɓo mini. Don wanke cikin bututu muka sami wayar birkin keke, ta ɗaure mata ƙyalle a baki, ta naɗe tsinin da zare don kada ya karce. Da ɗan toshen ƙofar da ake zubar da ruwan numfashi ya lalace, daga tsohon silifas ɗinta ta yanko mini wani, kuma ya fi na asalin zama. Man fuskar ne kaɗai muke faɗa a kai, don kwalba ɗaya muke amfani da ita, kuma kullum cewa take ƙahona ya fi ta sheƙi.

Gidan da muke ciki mahaifinta ne ya ba mu filin, jikin nasa gidan, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Baba, kamar yadda nake kiransa, tsohon mai motocin kaya ne da ya ajiye tuƙi, mutum mai nauyin baki. Ya ba ni ƴarsa ya san da ƙahon, kuma bai taɓa cewa uffan a kai ba. Tsakanina da shi sai abin da ke tsakanin kowane mutumin kirki da surukinsa. In cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa, ya amsa, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ko mai irin sunansa na haɗu da shi a biro sai in ce masa mai sunan Baba.

Da cikin matata na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. Tafiyar ba ta wuce zagaya katanga ba, amma ta fi mini Kwatano nisa. Ta haifi ƴa mace. Ranar suna an wuce da ita ta gabana a cikin zane, ni kuma don kunyar ƴar fari na kawar da kai ina kallon tabarma, alhali zuciyata kamar ta yi tsalle ta bi bayansu. Abin da na gani bai wuce tafin ƙafa ɗaya ba. Na ce ba komi, a yi arba'in a dawo mini da su, in rufe ƙofa in ƙare mata kallo.

To a nan ne hankali ya zo mini, kuma da bai zo ba da ya fi. Na ce yanzu akwai jaririya a bayan katanga, bai kamata in riƙa ɓarke baki da ƙaho kamar motar da birkinta ya tsinke ba. Akwai abin da ake toshe bakin tarambon da shi don rage ƙara, surdin sunansa, kuma sai a Kwatano ake samunsa. Ina da aboki direba da ke wannan hanya, tun muna lekol, wato makarantar boko, muke tare. Na tare shi a tasha ya riga ya tada mota, na ɗaga murya na ce ya samo mini surdin na tarambon, idan kuma ya ga wani abin kula da tarambon mai kyau ya haɗo. Ya leƙo ta taga ya ce in ɗauka an gama.

Da ya dawo, har gida ya kawo mini saƙon, yana tafe yana washe baki. Kwali ne guda, cike da ƙananan akwatuna. Na buɗe ɗaya, sai ga ƴan ƙarafan maƙale takarda.

"Har masu launi na samo maka," in ji shi. "Ga kuma ɗan kwanon maganaɗisu da aka aza su ciki, ba su ɓacewa. Shi ko wancan da kac ce, surdin, mai butik ya ce tun da shike bai taɓa jin tarambon ya yi ƙara ba, balle a nemi abin kashe ta."

Na dube shi, ya dube ni. Mutumin nan ya sha zama a gidana ina busa, ya sha cewa in rage masa. Na ɗauko ƙahon na nuna masa na ce, "Wanga fa, mi sunanshi?"

Ya ce, "Kakakin Nasara mana."

Dariya ce ta raba mu, don ba yadda za a yi. Har yau biro ɗinmu bai ƙara sayen abin maƙale takarda ba.

Sai na tuna tsohona na Malanbil ya taɓa nuna mini wata dabara. Idan babu surdin, ana iya riƙe wani abu mai zurfi da hannun hagu a rufe bakin ƙahon da shi. Na gwada murfin tukunya, ya yi ta karkarwa yana ƙara. Na gwada mazurarin ƴan sayar da fetur, warin ya kusa kayar da ni. Ranar kasuwa na auna faɗin bakin ƙahon da zare, na tafi layin masu ƙorai. Na zauna gaban wata tsohuwa daga wajen Tunuga ina ɗaga ƙoƙunanta ɗaya bayan ɗaya, ina aunawa, ina ƙwanƙwasawa a kunne. Wanda nake nema sai ya kasance marar kauri, marar tsaga, wanda zai zauna a tafin hannu ba tare da ya zame ba. Ta gaji da ni ta ce, "Yaro, hura za ka sha ko mata za ka zaɓa?" Na dai samu nawa, ɗan madaidaici, ja-ja, na kawo gida na goge bakinsa da yashi har ya yi sumul.

Ban taɓa jin daɗin wani abu da na saya kamar ƙoƙon nan ba. Idan na rufe bakin ƙahon da shi, sai muryar ta koma ƙasa-ƙasa, ta hanci, mai taushi. Idan kuma na buɗe a hankali ina cikin busa, na sake rufewa, sai ka ji kamar mutum ne ke magana a ciki. Ƴan fanfar suna da sunan da suke kiran wannan salo, na san sunan sarai, na sha faɗinsa da Faransanci. Amma kunnena na Hausa barci yake yi, bai taɓa tashi ya saurara ba.

Kullum bayan la'asar sai in fito tsakar gida, in fesa wa kulis ruwa, in juya bakin ƙahon wajen katangar su Baba. Da gangan nake juyawa can, don can ƴata take. Tun da ba ni da bakin zuwa in ce a miƙo mini ita, na ce bari in riƙa aika mata da gaisuwa ta sama. In rufe, in buɗe, in rufe, in buɗe, a hankali, kamar mai lallashi. Matata ta gaya mini a waya cewa ɗakinsu yana can ƙurya, abin da ke isowa ɗan gunji ne kawai, kuma yarinyar tana barci da shi. Ta ce in ci gaba. Abin da ban lissafa ba shi ne rumfar da Baba ke zama bayan la'asar tana gindin katangar daidai.

A wannan shekarar ne kuma Baba ya shiga noman shinkafa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kwalta, rana ɗaya ya ce shi tsibiri zai noma, can wajen Tunuga. Masunta suka ce masa wurin hanyar dorina ce. Ƙannensa suka roƙe shi, abokansa na tasha suka yi masa magana, ya ce ƙasar da ba a taɓa nomawa ba ita ce mai albarka. Shinkafa kuwa ta yi kyau har ana zuwa kallo. Ana sauran kaɗan a yanka, dorinai suka fito suka yi mata aski, abin da ba su ci ba suka tattake. Gari ya yi ta zuwa jaje. Ni ma na je na durƙusa na ce Allah ya mayar da alheri, ya ce amin, na dawo gida na ɗauki ƙoƙona.

Arba'in ta zo. Na sa aka shafe ɗaki, na sayi sabon gidan sauro, na wanke randa na cika ta. Na zauna jiran guɗar masu rakiya. Shiru. Kwanaki suka wuce, na tura gwaggona ta ji ko lafiya. Aka ce mata mai jego ba ta gama yin ƙarfi ba. Ni kuwa ina jin ƙarar keken ɗinkinta ta kan katanga tun safe, mai jegon da ba ta da ƙarfi. Na sake turawa, aka ce Baba bai ba da izini ba tukuna. Na tambayi matata a waya, ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba, ta haɗa kayanta tuni, amma Baba ya ɗaure fuska, ko innarta ba ta isa ta tambaye shi ba.

Gaisuwarmu ma ta canja. Da idan na durƙusa yakan tambayi aiki, ya tambayi hanya, wani lokaci har ya ce mota kaza ta iso ko. Yanzu sai "Lahiya" ɗaya, ƙwal, ya mayar da kai ga carbinsa. Na bi kaina da bincike ban ga abin da na yi ba. Ragon suna ba a raina shi ba, itacen wankan jego na kai har ya yi saura. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na riƙa zagaya tsakar gida ina faɗa ni kaɗai, ina cewa wannan wane irin mulki ne, mutum da matarsa da ƴarsa. Kewa ta dame ni, abinci ya daina yi mini daɗi. Kuma da yake ba ni da wurin kai kukana, sai na ƙara lokacin busa. Da ina yin kaɗan in ajiye, yanzu sai an kira magariba. In rufe, in buɗe, da dukan zuciyata, bakin ƙaho yana kallon katanga.

Allah ya ji ƙan kakannin mata, don da babu su da aure da yawa sun mutu a kan abin dariya. Kakar matata, wadda ta haifi Baba, tana nan da ranta a lokacin, ƴar ƙaramar tsohuwa mai sanda da bakin da ba ya tsoron kowa. Ni da ita wasa muke yi, mijinta take kirana, ni kuma in ce na sake ta tun bara. Wata rana da yamma ina shirin fara busa, sai ga ta ta turo ƙofa ba sallamar kirki.

"Kai mijin banza, an ƙwace maka amarya ka zamna kana kiɗi."

Na shimfiɗa mata tabarma na ce, "Ke ma da kin ga dama da kin dawo ɗakinki, ga shi an shahe."

"Allah shi kiyashe ni. Ɗauko abin nan naka. Busa mini abin da kake busawa kullum, kada ka sake komi."

Na ɗauko, na fesa ruwa, na kama ƙoƙo. Na busa mata mafi taushin abin da na iya. Na rufe, na buɗe, na rufe, na buɗe. Ban kai ko'ina ba sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta yar da sanda, ta riƙe ciki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na kawo mata ruwa.

Da ta sami numfashi ta ce, "Kai dai ba ka jin abin da shike hwaɗi?"

Na ce, "Mi shike hwaɗi, Kaka? Busa ce."

Ta tattaro leɓenta ta kwaikwaye shi, da jan muryar da komi. "Waa-waa. Waa-waa."

Na tsaya da ƙoƙo a hannu. Wawa. Ƙarara, ba ko gargada, kamar wanda ya yi shekaru yana koyon zagi. Kuma shi ne ainihin sunan da ƴan fanfar ke kiran salon, wa-wa, sunan da na sha faɗi ban taɓa jin Hausar da ke cikinsa ba.

"Yaushe kaf fara?" in ji ta.

Na lissafa, sai na ce wajen lokacin da dorinai suka shiga gonar Baba.

"Ba wajen lokacin ba. Ranar da kaz zo jaje, da marecenta. Ka durƙusa ka ce mai Allah shi maida alheri, ka koma gida ka juya mai ƙaho kana kiran shi wawa. Kullum ta Allah. Kwanan nan ma ka ƙara himma."

Na ce, "Innalillahi." Na ɗaga ƙoƙon zan rotsa shi da ƙasa, ta tare ni da sanda.

"Kul. Shi ne shaidarka. Ɗauko su duka, ka biyo ni."

Na ce ta yi mini rai ta je ta yi bayani ita kaɗai. Ta ce ita ba ta iya busa ba, kuma ɗanta ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba, da yana yarda da bai noma tsibiri ba.

Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba. Tsohuwa a gaba tana dogara sanda, ni a baya da ƙaho a hannu ɗaya, ƙoƙo a ɗaya, ƴan unguwa suna kallo suna tambayar ko biki ake. Na cire takalmi tun daga bakin zaure. Baba yana rumfarsa a kan kujerar kwance, rediyo a gefensa a kashe. Da ya ga abin da ke hannuna, fuskarsa ta ƙara haɗewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Lahiya."

Kaka ta zauna ta ce, "Ga mai zaginka na kawo maka. Ba wanga mai ƙahwa biyu ba, wancan na hannunshi."

Ta sa ni na yi bayani. Idona a ƙasa, na faɗi yadda na nemi abin rage ƙara don kada in tada jaririya, yadda aka kawo mini kwalin abin maƙale takarda, yadda na je kasuwa na zaɓo ƙoƙo. Da na zo wurin dalilin da ya sa nake juya ƙahon wajen katanga, kunya ta tsayar da ni, don ba a gaban suruki mutum ke cewa yana kewar ƴarsa ta fari ba. Kaka ta ƙarasa mini. Ta ce, "Ɗiyarshi yaka yi wa tawai shina lallashi, ƙahwarta ɗai yag gani."

Baba ya dubi ƙahon. Ya ce, "Busa, ban da ƙoƙon."

Na miƙe, na juya baki wajen bishiya, na busa murya ɗaya doguwa. Busa ce kawai, ba ta ce da kowa komi ba.

"Sa shi."

Na sa. Na so in yi dabara in rufe kawai ban buɗe ba, amma hannu ya riga ya saba. Ƙahon ya buɗe baki a tsakiyar gidan surukina ya ce wawa. Daga cikin gida na ji wata ta ƙyalƙyale da dariya, aka yi maza aka toshe mata baki.

Sai Baba ya tashi, ya miƙo hannu. Na ba shi ƙoƙon da hannu biyu. Ya juya shi, ya duba cikinsa, ya ƙwanƙwasa. Ya ce in busa kada in tsaya. Na busa, shi kuma ya tsaya gaban ƙahon, ya rufe da kansa, ya buɗe. Wawa. Ya sake. Wawa. Ya yi da sauri, ya yi a hankali, ya rufe rabi ya saurara. Numfashina ya kusa ƙarewa, idona ya kawo ruwa, ban isa in tsaya ba. Sai da ya gamsu ya koma ya zauna, ƙoƙon yana kan cinyarsa.

Sannan ya yi magana, kuma ba da ni yake ba, da mahaifiyarsa yake.

"Inna, tun da abin nan ya hwaru, kowa yaz zo sai shi ce ƙaddara ce. Waɗanda sunka hana ni, su ma ƙaddara. Ba wanda ya dube ni ya ce ka yi wauta, alhali ni na san na yi. Ina zamne nan ina hwaɗa ma kaina. Da nij ji ana hwaɗi ta bisa katanga, na ji zahi ƙwarai, amma na ce to, aƙalla akwai namiji guda a garin ga." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na auri ƴarsa. "Ashe kai ma ba da ni kake ba."

In ce da shi nake, na zage shi. In ce ba da shi nake ba, na ƙwace masa namijin nan guda. Tausayinsa ya kama ni, mutumin da nake ta faɗa da shi a zuci, ashe shi da kansa yake faɗa. Kaka ce ta fitar da mu. Ta ce, "In wanda za shi hwaɗa maka kake nema, ga ni. Ni na haihe ka. Ka yi wauta."

Baba ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar, wata irin dariya mai kauri da ta daɗe a ajiye. Ya miƙo mini ƙoƙona, ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya ya ce a shirya wa yarinyar nan kayanta, gobe a kai ta ɗakinta.

Washegari da hantsi suka zo. Daga ƙofarsu zuwa tamu ko tsohuwa ba ta gajiya, amma sai da matan nan suka zagaya unguwa da ƙorai a kai, da buhun gero, da guɗa, don kowa ya shaida. Na tsaya a gefe ina amsa barka ina kallon ƙasa, kamar ba ni ake kawo wa ba. Suka ci, suka sha, suka yi mini tsiya son ransu, suka watse.

Matata ta rufe ƙofa. Ta kwance goyon, ta ce, "To, miƙo hannu."

Na miƙa. Ta ɗora mini ita. Ɗumi ne ya fara isa gare ni, sai ƙamshin man kaɗe, sai ido biyu manya da suka tsaya a kan fuskata suna tambayar wane ne wannan. Na ce mata sannu, na ce ni ne, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ita kuwa ta dube ni da kyau, ta taɓe baki, ta tsala kuka. Na rikice, na jijjiga ta, na juya ta dama, na juya ta hagu, matata tana tsaye tana dariya ta ƙi karɓa.

Sai muka ji murya daga bayan katanga, daga gindin rumfa.

"Kai! Tallabe mata wuya, ka aza ta bisa kahwaɗa."

Na ce, "To, Baba." Na tallabe mata wuya, na ɗora ta a kafaɗa, ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru.